Ku Tambayi Likita: Tafiyar da Jinin Mara Lafiya a Kan Na'urar Ekmo

Wasiƙun wannan fitowar a kan abu guda suka taru, wato na'urar da ke karɓar aikin huhu, wani lokaci har da na zuciya, idan suka gaza. A rubuce ECMO ce, a baki kuma ekmo ake cewa. Wasu masu tambayar suna da 'yan'uwa da ke jinya a ƙasashen waje, wasu kuma ma'aikatan lafiya ne. Likitocin sashen kulawa ta musamman ne suka amsa. Lambobin da za ku gani na manya ne, kuma jagora ne kawai. Hukunci na hannun likitan da ke tsaye a kan mara lafiya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yayana na kwance a wani asibiti a Indiya da ciwon huhu mai tsanani. Sun ce na'urar numfashi ta gaza, sun sa shi a kan ekmo. Na ga tiyo biyu masu kauri cike da jini. Mene ne bambancinta da na'urar numfashin? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tashi kafaɗun yayanka. Na'urar numfashi iska take turawa cikin huhu, huhun kuma shi zai shigar da oksijin cikin jini. Idan ya kumbura ya cika da ruwa, iskar ba ta ratsawa, ƙara matsa ta ma ƙara masa rauni take yi. Ekmo kuwa a wajen jiki take yin aikin huhun. Ana zura kanula, wato bututun roba mai shiga jijiya, mai kauri, faɗinta kamar milimita 7 zuwa 9, a babbar jijiyar da ke dawo da jini zuciya, galibi ta matse-matsi. Famfo ya zuƙo jinin waje, ya bi da shi ta wani ƙaramin akwati mai dubban siraran zaruruwa masu rami, waɗanda oksijin ke bi ta cikinsu. Wannan akwatin shi ne huhun roba. A cikinsa jini ke ɗaukar oksijin, ya zubar da iskar kabon, a ɗumama shi, a mayar da shi jiki ta kanula ta biyu. Tiyon da ka ga jininsa ya yi duhu shi ne mai fita, mai ja jawur kuma shi ne mai komawa.

Iri biyu ce, kuma inda ake mayar da jinin ne ya raba su. Idan aka mayar da shi cikin jijiya mai dawo da jini, zuciyar mutum ce za ta ci gaba da harba shi ko'ina. Wannan ita ce ekmon huhu, a takardar asibiti za ka ga an rubuta VV, kuma da alama ita aka sa wa yayanka. Idan kuwa aka mayar da shi cikin jijiya mai bugawa, famfon ya ɗauki wani ɓangare na aikin zuciya ke nan. Ita ce ekmon zuciya, ana rubuta ta VA.

Tushenta na'urar tiyatar zuciya ce da Dakta John Gibbon ya fara samun nasara da ita a Amurka a 1953. A 1975 Dakta Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da ekmo a Kalifoniya, amma sai bayan annobar murar 2009, sannan korona, ta bazu sosai a wajen manya. A babban gwajin da Faransa ta jagoranta, wanda ya fito a 2018, kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka sa wa ekmo da wuri sun rasu cikin kwana 60, a rukunin da aka fara bari a kan jinyar da aka saba kuma kashi 46. Ka riƙe wannan a zuciya, Alhaji: riƙon ƙwarya take yi. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta gyara huhu. Hutu take ba shi, magani da jiki su yi nasu aikin.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina karɓar horo a sashen kulawa ta musamman a Alƙahira. Allon na'urar na nuna lita 4 a minti. Ta yaya zan san ya ishi mara lafiya?

AMSA: Sista, allon shi kaɗai ba zai gaya miki ba. Ana farawa da lissafin nauyi: mililita 50 zuwa 70 ga kowane kilo a minti a ekmon zuciya, 60 zuwa 80 a ta huhu. Mai kilo 70 zai nemi tsakanin lita 3.5 da 5 da 'yan kai. Amma ki lura, abin da kike murɗawa a jikin na'urar saurin juyawar famfo ne, wanda galibi ke tsakanin 2,500 da 4,000 a minti, gwargwadon samfurinta. Yawan jinin da zai gudana ya rataya a kan wannan saurin, da yawan jinin da ke isowa bakin kanula, da turjiyar da ke gaban famfon. Shi ya sa ake rubuta lambobin biyu tare kowace awa. Idan juyawa na nan a 3,200 amma gudu ya sauko daga lita 4 zuwa 3.3, wani abu ya canja a jikin mutumin ko a tiyo, kuma sai an nemo shi.

Isa ko rashin isa a jiki ake karantawa. Matsakaicin matsin jini ya zauna tsakanin 65 da 75. Ana samun sa ne idan aka ɗauki lambar ƙasa aka ƙara mata sulusin tazarar da ke tsakaninta da ta sama, don haka mai 90 bisa 60 matsakaicinsa 70. Laktet, sinadarin da ke taruwa idan gaɓoɓi ba sa samun oksijin, ya kasance ƙasa da 2, ko aƙalla yana sauka daga awo zuwa awo. A ekmon zuciya, jinin da ke shiga huhun roba ya riƙe oksijin kashi 65 zuwa 70 ko sama. Idan ya faɗi zuwa 50, jiki na tatse jinin ƙarƙaf saboda abin da ke zuwa masa ya yi kaɗan. Fitsari rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 35 ga mai kilo 70. Sai ɗumin tafin hannu da ƙafa, da awon hanta da ƙoda na kullum, da ko mutum na amsa kira idan an sassauta maganin barci.

Idan matsin jini ya faɗi, tambaya ta farko: gudun na'urar ya faɗi tare da shi ko yana nan? In yana nan lafiya amma matsin na 55, jijiyoyi ne suka saki, kamar yadda ake gani idan ƙwayar cuta ta shiga jini ko bayan doguwar tsayawar zuciya. Nan maganin matse jijiya na noradirenalin ke aiki, in ya yi yawa a haɗa da wani irinsa, basofiresin. In kuwa gudun ne ya faɗi, ƙara maganin matse jijiya ɓoye matsalar kawai zai yi. Matsin da ya haura 85 ko 90 shi ma ba abin murna ba ne, domin irin wannan famfon yana ja da baya idan turjiya ta ƙaru, zuciya mai rauni kuma ba za ta iya ture shi ba. Abu na ƙarshe: awon ƙarfin zuciya da ake yi ta hanyar tura ruwan sanyi a jijiya yana yaudara a kan ekmo, saboda kanula na zuƙe wani kason ruwan kafin ya isa inda ake aunawa. Hoton zuciya na eko, kullum, ya fi shi amana.

TAMBAYA: Likita, wani lokaci tiyon da ke fitar da jini sai ya riƙa karkarwa yana fizga, lambar gudu na hawa da sauka. Na ga ana gaggawar ƙara ruwa. Daidai ne? Daga wani likita mai neman ƙwarewa, Zariya.

AMSA: Dakta, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin ban-ruwa a fadama lokacin da ruwan rijiya ya ja baya ya san wannan fizgar. Injin na neman abin da babu. A jikin mutum, bangon babbar jijiyar ciki ne ke manne wa ramukan kanula, gudu ya tsaya, jijiyar ta sake cika, ta saki, famfo ya sake zuƙe ta.

Matakin farko shi ne rage saurin juyawa, da kamar 200 zuwa 500, har tiyon ya natsu, sannan a ɗaga a hankali. Hannu kan so ya ƙara saurin don ya maido lambar, kuma wannan ne mafi muni. Zuƙar da ta wuce 100 ƙasa da sifili a ma'aunin matsi na na'urar, idan ta daɗe, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Za ka ga fitsari ya koma kalar shayi, ƙoda ta fara wahala.

Daga nan a bi tiyon da ido da hannu tun daga fata har na'ura. Ya lanƙwashe? An naɗe cinyar mutum lokacin juya shi? Alamar zurfin kanula a fata ta gusa? Yana tari, yana yunƙuri, ko yana kokawa da na'urar numfashi? Cikinsa ya kumbura ya yi tauri? Kowanne daga cikin waɗannan na kawo fizga ba tare da jini ya ragu ba. Sai a ɗora na'urar hoto a ƙirji da ciki. Idan jijiyar ta lotse babu komai, ruwa mililita 250 ya isa gwaji, a kuma auna yawan jini nan take, domin zubar jini a bayan hanji ko cikin ƙirji ba ya nuna kansa a waje. Idan kuwa jijiyar a cike take tam amma gudu ya ƙi, a nemi jinin da ya taru a jakar zuciya ya matse ta, ko iskar da ta taru a ƙirji ta danne huhu, ko gudan jini a bakin kanula. Biyun farko allura ko tiyata suke so cikin mintuna, ruwa ba ya maganinsu.

A ganinmu, ƙara ruwa duk lokacin da tiyo ya motsa yana cikin kurakuran da suka fi yawa a wannan aikin. Leda ɗaya ta rabin lita sau takwas a kwana lita 4 ce, kuma mafi yawanta a huhun da ake son ya bushe za ta ƙare. Idan laktet da fitsari na lafiya a kan lita 3.5, a bar shi a 3.5. In lallai ana buƙatar gudu mai yawa kuma kanula ɗaya ta kasa, a ƙara ta biyu.

TAMBAYA: Mara lafiya a kan ekmon zuciya, matsakaicin matsinsa 72, laktet na sauka, amma layin bugun jini a allo ya kusa miƙewa, kuma kumfa mai ruwan hoda na fitowa ta bututun numfashi. Me ke faruwa? Daga wata likitar zuciya.

AMSA: Dakta, ɗakin hagu na zuciyar ya cika ya kasa fitarwa, kuma lamarin ba ya jiran wayewar gari. Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a fitowar nan, don haka za mu ɗan tsaya a kanta.

A ekmon zuciya da aka sa ta matse-matsi, jinin na'ura yana haurowa uwar jijiyoyi, wato awota, daga ƙasa zuwa sama, ya fuskanci zuciya. Zuciya kuma daga sama take turowa. Famfo biyu ke nan suna fuskantar juna a bututu ɗaya, ɗaya na lantarki da ba ya gajiya, ɗaya na tsokar da ciwo ya riga ya kayar. Duk lita ɗaya da aka ƙara wa na'ura, an ƙara nauyin da ke danne ƙyauren awota. Idan tsokar ta kasa ture shi, ƙyauren ya daina buɗewa. Amma jini bai daina shiga ɗakin hagu ba: na'urar ba ta zuƙe duka abin da ke dawowa, saura na bi ta huhu, ga kuma jinin ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da huhun kansa. Ɗakin ya kumbura, bangonsa ya miƙe, jinin da ke ciyar da tsokar ya ragu, bugu ya rikice. Matsin ya koma baya zuwa huhu, shi ne kumfar da kike gani. Jinin da ya kwanta kuma daskarewa yake yi, a cikin ɗakin ko a gindin awota, ko da ana ba da hefarin, maganin tsinka jini. Gudan da ya ɓalle daga nan ƙwaƙwalwa yake nufa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne sauran lambobin duk suna da kyau, domin na'urar na ciyar da ƙoda da hanta yadda ya kamata. Zuciyar da aka sa na'urar dominta ce ke lalacewa. Saboda haka a riƙa duba tazarar lambar sama da ta ƙasa. Idan ta gaza 10 zuwa 15, a kawo eko a ga ko ƙyauren na buɗewa, sau nawa, da ko jini ya fara yin hayaƙi-hayaƙi a hoton.

Gyara daga mai sauƙi ake farawa. A rage gudun na'ura zuwa mafi ƙarancin da gaɓoɓi za su ɗauka, misali daga 4.5 zuwa 3.5, ana bin laktet. A sauko da matsakaicin matsi zuwa wajen 65 ta rage noradirenalin. A ba da ɗan maganin ƙarfafa bugu, dobutamin ko adirenalin kaɗan, da sanin cewa yana ƙara wa tsokar yunwar oksijin. A cire ruwa da maganin sa fitsari ko na'urar wankin ƙoda. Idan bugu ya rikice zuwa karkarwar da ba ta harba jini, a buga wutar daidaita zuciya ko da matsin jini na nan, don zuciya mai karkarwa ba ta fitar da komai. In awa ɗaya ko biyu suka wuce ƙyauren bai buɗe ba, ko huhu na ci gaba da cika, a koma ga na'ura: balan-balan da ake sakawa a awota, wadda ke sacewa daidai lokacin bugu don ta sauƙaƙa fita, ko ƙaramin famfon Impella da ke zama cikin ɗakin hagu yana kwashe jini, ko huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama biyu, ko likitan tiyata ya sa bututun tsiyaya kai tsaye. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake duba ƙyauren awota tun kafin a sa ekmo. Idan yana yoyo sosai, jinin na'ura zai kwarara baya cikin zuciya, kumburin ya zo cikin mintuna.

TAMBAYA: Mahaifinmu na kan ekmon zuciya a Saudiyya. Me ya sa ba sa yarda a mayar da abin matse yatsa mai auna oksijin hannun hagu, kuma kowace awa sai sun taɓa ƙafarsa? Daga wata uwargida, Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Duka biyun suna da dalili mai ƙarfi. Jinin na'ura daga ƙasa yake haurowa cike da oksijin. Jinin da zuciyarsa ke harbawa kuma ta huhunsa ya biyo, in huhun bai warke ba, ba shi da oksijin sosai. Su biyun na haɗuwa a wani wuri cikin awota. Rassan farko da ke fita daga awota su ne masu ciyar da zuciyar kanta, sai na hannun dama da gefen dama na kai, sannan na hagu. Idan zuciya ta fara samun ƙarfi alhali huhu na baya, takan tura mahaɗar ƙasa, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su riƙa shan jini mai duhu, ƙafafu na shan mai kyau. Wato matsalar kan zo ne daidai lokacin da ake murnar zuciya ta fara farfaɗowa. Hannun dama ne ke fara nuna ta, shi ya sa a nan ake matse yatsa, a nan kuma ake ɗibar jinin awo. Idan ta bayyana, ana gyara na'urar numfashi, a busar da huhu, in bai isa ba a raba tiyon komawa biyu, reshe ɗaya ya shiga jijiyar wuya don jinin da zai bi ta huhu ya tafi da oksijin ɗinsa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan. Binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya nuna abin matse yatsa na kasa gano ƙarancin oksijin a masu baƙar fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Canjin launin fuska ma ba ya fitowa a fatarmu kamar yadda littattafai ke kwatantawa. Don haka a dubi harshe da cikin leɓe, a kuma dogara da awon jinin da aka ɗiba daga wuyan hannun dama.

Ƙafa kuwa, kanular komawa mai faɗin milimita 5 zuwa 6 tana zaune cikin jijiyar da ba ta fi ta faɗi sosai ba, balle ga mace ko ƙaramin mutum, sai ta tare hanyar jinin ƙafar. Cibiyoyi da yawa tun farko suke sa wata 'yar siririyar kanula mai fuskantar ƙasa don ta shayar da ƙafar, ita ma kuma takan toshe. Ana taɓawa ne a ji ɗumi, a matsa farce a ga dawowar jini, a saurari jijiyar idon sawu da na'ura, a ji ko sha-raɓa ta yi tauri. Tsokar da jini ya yanke mata ba ta jure fiye da kamar awa 6. Idan kin ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi ko kumburi, ki faɗa musu nan take, kada kunya ta hana ki.

TAMBAYA: A ekmon huhu, na'ura na aiki amma oksijin mara lafiya ya tsaya a kashi 82. A ƙara gudu?

AMSA: Ɗan'uwa, fara duba kalar tiyo biyun. Idan dukansu sun yi ja kusan iri ɗaya, kanular fita na sake zuƙe jinin da aka dawo da shi kafin ya shiga zuciya. Awo zai nuna oksijin mai yawa, 80 ko sama, a jinin da ke shiga huhun roba, ga na mara lafiya a ƙasa. Ƙara gudu ƙara wannan zagayen banzan yake yi. A ɗauki hoton ƙirji, a ja kanular baya har tazarar bakunan biyu ta kai kamar santimita 10.

In ba haka ba ne, a auna jinin da ke fitowa daga huhun roba. Idan oksijin ɗinsa ya ragu, bambancin matsi tsakanin shigarsa da fitarsa kuma na hawa kullum, gudaji sun cika shi, canji yake so. In shi ma lafiya, to zuciyar ce ke gudu fiye da na'ura. Ana son na'urar ta ɗauki aƙalla kashi 60 na abin da zuciya ke harbawa. Mai zazzaɓi da zuciyarsa ke harba lita 10, na'ura na ba da 4, mafi yawan jininsa bai ga huhun roba ba. A sauke zafin jiki ta na'urar ɗumama jinin, a kwantar da shi, a magance ciwo da rawar ɗari, a duba ko jininsa ya yi ƙasa. Oksijin 82 zuwa 85 tare da laktet mai kyau abin karɓa ne, kuma ya fi a koma ana dukan huhu da na'urar numfashi.

Iskar kabon kuwa yawan iskar da ake hurawa ta huhun roba ce ke fitar da ita. A ranar farko a sauke ta sannu a hankali cikin sa'o'i. Faɗuwarta farat ɗaya na matse jijiyoyin ƙwaƙwalwa, an kuma danganta ta da zubar jini a kai. Kada a manta, ekmon huhu ba ta harba jini. Idan zuciya ta tsaya, a danna ƙirji kamar kowa.

TAMBAYA: Me ya sa ake ba mara lafiya maganin tsinka jini alhali yana zubar da jini ta hanci da bakin kanula?

AMSA: Malam, jini na daskarewa duk inda ya taɓa roba, shi ya sa ake ba da hefarin: kamar ma'auni 50 zuwa 100 ga kowane kilo lokacin sa kanula, sannan a ci gaba da ɗigo. Ana bin sa da awon lokacin daskarewa, a riƙe shi kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na mai lafiya. Sai dai famfon kansa na cinye ƙwayoyin filatilet masu taimaka wa jini daskarewa, yana kuma yayyanka wani furotin da ke taimaka musu mannewa, don haka mutum kan zubar da jini ko awo na nuna daidai. Idan zubar ta yi yawa, ana rage hefarin ko a tsayar da shi na sa'o'i, har kwanaki a ekmon huhu, muddin gudu na da ƙarfi, ana haska tiyo da huhun roba da tocila kowane canjin aiki don neman gudaji. Ana riƙe filatilet sama da 50,000 ga mai zubar jini. Idan suka faɗi da rabi tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara hefarin, a yi zargin jiki ne ya ƙi maganin, a koma wani maganin tsinka jinin, bibalirudin ko argatiroban. Duk allurar da ba dole ba a bar ta. Ƙwayar ido ɗaya da ta buɗe fiye da ɗaya kuma hoton kai take nema nan take.

TAMBAYA: Ƙanwata ta rasu da ciwon zuciya wata biyu bayan haihuwa. Da ekmo za ta taimaka? Kuma in an sa wa mutum, yaya ake cire ta? Daga wani malamin makaranta, Sakkwato.

AMSA: Allah ya jiƙanta, Malam, ya raya abin da ta bari. Raunin zuciyar masu jego ciwo ne da arewacin Najeriya ke cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Karaye na Kano kuma ya jagoranci rajistar masu ciwon ta ƙasa. Mafi yawansu ba ekmo suke buƙata ba. Abin da ke cetonsu shi ne a gane da wuri cewa haki, kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine bayan haihuwa alamun zuciya ne, a yi eko, a fara magani, a rage gishiri da kanwa. 'Yan kaɗan da jininsu ke faɗuwa duk da magani su ne ekmon zuciya kan yi wa amfani, don tsokarsu na iya farfaɗowa. Ba kowane ciwon zuciya ne haka ba. A gwajin da aka yi a Jamus da Sulobeniya, wanda ya fito a 2023, kan mutum kusan 420 da jijiyar zuciyarsu ta toshe jininsu ya faɗi, kashi 48 na masu ekmo sun rasu cikin kwana 30, marasa ita kashi 49, zubar jini da matsalar ƙafa kuma sun fi yawa a masu ekmo.

Duk asibitin da zai ajiye ta, sayen na'urar ne mafi sauƙi. Ana buƙatar ƙwararre a gefen gado dare da rana, bankin jini mai filatilet, oksijin da ba ya yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Batirin na'urori da yawa kamar awa ɗaya da rabi yake yi. Idan famfo ya tsaya a ekmon zuciya, jini juyawa yake yi baya ta tiyo, daga jijiya mai bugawa zuwa mai dawowa. Don haka awartakin matse tiyo da mariƙin juya famfo da hannu ba sa barin jikin na'urar: a matse tiyo, a ɗaga na'urar numfashi, a mayar da kan famfo kan mariƙin, a juya har ya wuce 1,500 a minti, sannan a saki.

Cirewa kuma kowace da hanyarta. A ekmon huhu ba a taɓa gudun jini. Iskar da ke shiga huhun roba ake ragewa har a kashe ta, a sa ido na sa'o'i, in huhun mutum ya riƙe oksijin da kabon da kansa a zare kanula. A ekmon zuciya ba a kashe iskar ko kusa, domin hakan tura jini mai duhu ne kai tsaye cikin awota. Gudu ake ragewa, rabin lita-rabin lita, zuwa lita 1 ko 1.5, ana kallon eko, an kuma tabbatar hefarin ya isa saboda jini mai tafiyar hawainiya saurin daskarewa yake yi. Ana son matsakaicin matsi ya tsaya sama da 60 da ɗan magani kaɗan, ɗakin hagu ya fitar da aƙalla kashi 20 zuwa 25 na abin da ke cikinsa a kowane bugu, ɗakin dama bai kumbura ba, laktet bai motsa ba. In gwajin bai yi ba, a mayar da gudu, a sake bayan kwana ɗaya ko biyu. Kanular jijiya mai bugawa galibi a ɗakin tiyata ake cire ta a ɗinke jijiyar, bayan kwana ɗaya zuwa uku kuma a yi hoton jijiyoyin cinya da wuya, don gudan jini kan zauna a inda kanula ta kwana.